Ɗan Aiken Da Ke Cikin Jiki: Yadda Masana Ke Tare Saƙo Kafin Guba Ta Shiga Gyaɗa

Duk macen da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta san cewa a cikin kowace tiya akwai ƴan ƙwayoyin da suka yanƙwane, ko suka yi baƙi, ko suka yi kore-kore kamar an barbaɗa musu gari. In aka tauna ɗaya sai ɗaci ya cika baki. Da yawa ba sa zubar da su, tunda kuɗi aka sa aka saye. Sai a ware a sayar da araha, ko a haɗa da masu kyau a kai inji. To, iyayenmu mata, a cikin irin waɗannan ƙwayoyi ne wata guba mai suna afalatoksin ta fi ɓuya. Wata fumfuna ce ke yin ta, suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta, kuma in ta daɗe tana shiga jiki tana kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

A 1960 aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila sanadin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda cin masarar da ta gurɓata. Ga ƴan kasuwa kuwa, ita ce ke rufe ƙofar Turai ga gyaɗar ƙasashenmu, don dokar can ba ta yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin miliyar ɗaya ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, masana sun samo hanyar hana fumfunar yin gubar tun daga tushe. Amma kafin mu kai can, sai mun san wani ɗan aike da ke cikin jikin kowace halitta, da dabarun da ake bi a ɗakin bincike don a kama shi, a ƙirga shi, a kuma yi masa shiru.

Littafin maigida da takardar aike

Jikin mutum, da na akuya, da na gero, har da na fumfuna, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani ɗaki da ake ajiye littafin gado, wanda masana ke kira DNA, waɗanda suka yi lakwal da faransanci kuma suka san shi da ADN. A ciki aka rubuta yadda za a haɗa duk abin da jiki ke buƙata.

Ku ɗauka babban ɗan kasuwa ne da littafin lissafinsa. Littafin ba ya fita daga ɗaka. In ana son kaya a rumfa, sai maigida ya kwafi layin da ake buƙata a ƴar takarda, ya ba yaro ya kai. Haka ƙwayar jiki take yi: ta kwafi shafi ɗaya daga littafin gado, ta aika wa wasu ƙananan masaƙa da ake kira ribozom, su karanta su saƙa furotin. Furotin kuwa shi ne ma'aikacin jiki, shi ke narkar da tuwo, shi ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ne kuma ke haɗa guba a jikin fumfuna. Wannan takardar aike ita ake kira mRNA, wato RNA ɗan aike.

A 1961 aka tabbatar da samuwarsa. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Paris, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. Sun lura cewa wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a hanji ba ta haɗa furotin mai narkar da sukarin madara sai in akwai wannan sukari a kusa. In ya ƙare, sai ta daina rubuta saƙon, takardun da suka rage kuma su lalace cikin ƴan mintoci. Kamar dai mai ƙosai ce, ba ta zuba ƙullu a mai sai ta ga masu saye.

Daga nan tambayoyi uku suka taso, kuma su masana ke bi har gobe: takarda nawa aka rubuta? Yaya tsawon ranta? Kuma in ta isa, ana karanta ta ko ana danne ta?

Kama shi sai da ƙanƙara

Wahalar farko ita ce RNA ba ya jure wahala. A fatar hannunmu, da zufa, da miyau, akwai wasu sinadarai masu cinye shi nan take. Shi ya sa ma'aikacin ɗakin bincike ba ya taɓa kwalba sai da safar hannu, kuma da zarar an yanko ganye ko tsoka sai a tsoma cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ko a ajiye a firigo na musamman mai digiri 80 ƙasa da sifiri. To ku duba, daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne, zuwa Yamai kuwa ya wuce 1,000. Samfurin da aka ɗauka a nan, in ƙanƙarar akwatinsa ta narke a hanya, abin da ake nema a ciki yana iya lalacewa kafin a isa.

Masu sana'ar kaji ba za su manta da 2006 ba. A farkon watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare sai ga ta a cikin agwagin Magarya, nan jaharmu ta Damagaram. Kasuwar kaji ta mutu murus, aka shiga kashe tsuntsaye don tare cutar. A wancan lokacin sai da aka kai samfurin har Padova ta ƙasar Italiya kafin a samu tabbaci. Ƙwayar wannan cuta littafin gadonta gaba ɗaya da RNA aka rubuta shi, don haka dabarar da ake gano ta da ita ita ce dai wadda ake ƙirga ɗan aike da ita. Da cutar korona ta shigo Nijar a ranar 19 ga Maris 2020, a cibiyar CERMES ta Yamai aka riƙa yin wannan gwaji, a cikin gida.

Yadda ake ƙirga saƙo

Tsohuwar dabara, wadda aka fito da ita a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1977, kamar tankaɗe take. A zuba duk RNA da aka tatso a cikin wani abu mai kama da kamu da ya daskare, a sa masa lantarki. Gajerun saƙonni su yi nisa, dogaye su tsaya a baya. Sai a ɗauki hatimin su a kan takarda ta musamman, a zuba wani ɗan guntun rubutu mai alama wanda ba ya manne wa kowa sai saƙon da ake nema. In saƙon yana da yawa, sai a ga baƙin layi mai kauri. In kaɗan ne, siririn layi.

Dabarar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce RT-PCR, kuma mataki biyu gare ta. Da fari a mayar da saƙon RNA ya koma DNA, da wani sinadari da Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970 a jikin wasu ƙwayoyin cuta. Sannan a sa shi cikin na'ura mai ɗumamawa da hucewa, wadda a kowane zagaye take ninka kwafin sau biyu. Kary Mullis ne ya ƙago wannan a 1983, ya samu Nobel a 1993. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ƙarfin ninki: ɗaya ta zama 2, ta zama 4, ta zama 8. A zagaye na 10 an wuce 1,000, a na 20 an wuce miliyan, a na 30 an wuce miliyar. Ana kuma sa wani launi mai haske da ke ƙaruwa tare da kwafin. In saƙon yana da yawa tun farko, hasken zai bayyana da wuri. In kaɗan ne, sai an yi ta zagaye. Da haka ake kwatanta ganyen gero da ya sha ruwa da wanda fari ya kama, a ga wane saƙo ya ƙaru, wanne ya ragu.

Tun wajen 2008 kuma aka samu injuna masu karanta miliyoyin saƙonni a lokaci ɗaya, kamar a ce an tare ƙofar kasuwa an karanta takardar kowane yaro da ya wuce.

Tsawon rai da mai dannewa

Don sanin tsawon ran saƙo, sai a ba ƙwayoyin wani magani mai suna aktinomaisin D, wanda ke hana rubuta sabuwar takarda. Daga nan a riƙa ɗibar samfur bayan minti 30, bayan awa 1, bayan awa 4, ana ƙirga abin da ya rage. An gano cewa saƙonnin gaggawa mintoci kawai suke yi, wasu kuwa sai su yi awowi masu yawa. Jar ƙwayar jini ma, tun tana ƙarama take zubar da ɗakin littafinta, amma ta ci gaba da haɗa furotin mai ɗaukar iska na ɗan lokaci da tsoffin takardun da ta ajiye.

Sai tambaya ta uku, wato ko ana karanta saƙon. A nan akwai misalin da ya shafi mata masu ciki da masu shayarwa. Jiki yana da wani furotin mai suna feritin, wanda shi ne rumbun ajiyar sinadarin ƙarfe. In ƙarfe ya yi ƙaranci a jiki, babu amfanin gina rumbu, don haka wani furotin ya zo ya zauna a kan goshin takardar feritin, ribozom ta kasa karantawa. Da ƙarfe ya wadata sai ya tashi, a shiga gina rumbuna. Masana a Amurka sun gano wurin zaman nan a 1987. Yadda suka tabbatar kuwa, sun yanko wannan ɗan guntu suka liƙa shi a goshin wani saƙo dabam, sai shi ma ya fara bin umarnin ƙarfe. Wannan dabara ta liƙa wa saƙo ɗan rahoto ta zama ruwan dare. Yanzu har akan yi amfani da wani furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku, wanda ya jawo wa masana uku Nobel a 2008. In ana karanta saƙon sai a ga ƙwayar tana haske, alhali dabbar tana raye tana motsi. Gani ya kori ji.

A 2009 masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko suka ƙara wata hikima. Kun san in aka kifa ƙwarya a ƙasa aka yi ruwa, in an ɗaga za a ga gurbinta a bushe. Haka ribozom take rufe haruffa wajen 30 na saƙon da take karantawa. Sai a tsayar da ita cik, a zuba sinadari mai cinye duk RNA da ke fili, a tattara guntayen da suka tsira a karanta. Da su ake sanin wane saƙo ake karantawa, kuma masaƙa nawa ke kansa.

Darasi daga ƴar tsutsa

Babban sirrin ya fito ne daga wata ƴar tsutsar ƙasa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, jikinta garau ana hango cikinta, ƙwayoyin jikinta 959 ne an ƙirga su kaf. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, kowa a ɗakin bincikensa a Amurka, suka gano cewa tsutsar tana haɗa wani ɗan ƙaramin RNA mai haruffa 22 kacal, wanda aikinsa shi ne ya manne a jikin wani saƙo ya hana a yi aiki da shi. An ɗauka abin na tsutsa ne kawai, sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, ya kuma nuna akwai irinsa a jikin kifi da ƙuda da ɗan Adam. Yau an san mutum yana da irinsu fiye da 1,000. Su biyun sun samu Nobel a 2024.

A 1998 kuma Andrew Fire da Craig Mello suka yi wa tsutsar allurar RNA mai igiya biyu, wanda rubutunsa ya dace da saƙon wani furotin na tsoka. Sai ƴaƴan tsutsar suka kama makyarkyata, tamkar waɗanda ba su da wannan shafi a littafinsu. Ashe in ƙwayar jiki ta ga RNA mai igiya biyu, sai ta daddatsa shi, ta ɗauki guntayen a matsayin hoton ɓarawo, duk takardar da ta yi kama da shi ta yayyaga ta. Wato masana sun samu hanyar zaɓar saƙo ɗaya cikin dubbai su yi masa shiru, ba tare da an taɓa littafin gado ba. Sun samu Nobel a 2006, kuma a 2018 Amurka ta amince da maganin farko da aka haɗa ta wannan hanya.

Komawa kan gyaɗa

Cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, hedikwatarta tana kusa da Haidarabad ta Indiya, tana da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, da ofishi a Kano. A 2017 masananta na Indiya, tare da abokan aiki na Amurka, suka ba da labarin wani gwaji. Fumfuna ba ta haɗa guba a tashi ɗaya, sai ta bi matakai da dama, kowane mataki da furotin ɗinsa da takardar aikensa. Sai suka zaɓi biyu daga cikin saƙonnin, masu suna aflM da aflP, suka sa wa gyaɗa wani ɗan shafi da zai sa ta haɗa RNA mai igiya biyu da ya dace da su. In fumfuna ta shiga ƙwayar tana ci, sai ta haɗiye guntayen, ta koma tana yayyaga takardunta da hannunta. Da suka auna da RT-PCR sai suka ga saƙonnin sun ragu, da suka auna gubar kuma suka ga ta ragu ƙwarai in aka kwatanta da gyaɗar da ba a taɓa ba. A shekarar dai aka yi irin wannan da masara a Jami'ar Arizona.

Masu noman rogo a kwaruruwan yankin Gure su ma ga nasu labari: a watan Yuni 2021 hukumar Kenya ta amince a fita gwajin gona da wani rogo da aka ba shi kariya ta wannan hanya daga wata cuta mai ruɓar da saiwa, wadda ke addabar gabashin Afirka.

Sai dai a yi hattara. Wannan gyaɗa irin da aka sauya wa halitta ne, ba a sake ta ga manomanmu ba, kuma kafin irin haka ya shiga gona sai ya bi dokar ƙasa da gwaji na shekaru. Duk wanda ya zo kasuwa ya ce yana sayar da irin gyaɗa mai maganin guba, to a riƙe aljihu.

Wannan ilimi ne kuma ya haifi wasu daga cikin allurorin rigakafin korona. Katalin Karikó da Drew Weissman sun gano a 2005 yadda za a gyara harafi ɗaya na saƙo don jiki ya karɓe shi ba tare da kumburi ba, suka samu Nobel a 2023. An yi ta raɗe-raɗi a kasuwanni cewa allurar tana canza gadon mutum. Wanda ya bi bayaninmu ya ga amsa: takardar aike ba ta shiga ɗakin littafi, ana karanta ta ne a waje, sannan jiki ya narkar da ita.

Abin da ke hannunmu yau

Kafin sabon iri ya iso, rigakafin yana hannun manomi da ɗan kasuwa da mai suya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fumfuna ta fi shiga gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, da wadda ƙwari suka huda, da wadda fartanya ta fasa wa ɓawo. A cire gyaɗa da zarar ta nuna. A shanya ta a kan tabarma ko tamfol, kada a zube ta a ƙasa, har sai ƙwaya ta yi ƙara in an girgiza kwanso. Kada a yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi ko don nauyi ya ƙaru. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, inda iska ke shiga.

Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masanan INRAN na Maraɗi tun 2007 don ajiyar wake, yana hana iska shiga, don haka ƙwari da fumfuna ba sa walawa a ciki, muddin hatsin ya bushe sarai kafin a ɗaure. A Najeriya kuma cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, wata fumfuna marar guba da ake watsawa a gona don ta rinjayi mai guba.

Mafi girma duka shi ne tsinta. Ƙwayoyi ƴan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan gubar da ke cikin buhu, don haka wadda ta zauna ta tsince yanƙwanannu da baƙaƙe da masu huda ta rage kaso mai yawa. Abin da aka tsince kada a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada a yi wa yara kunu, kada kuma a ba saniya ko akuyar tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono. Asarar ƙoƙo ɗaya a buhu akwai ciwo, amma ƙuli-ƙulin da aka kai kasuwa ƴaƴanmu ne ke saye a bakin makaranta. Hajiya mai suya, Alhaji mai sito, in kunne ya ji jiki ya tsira.